Gidan da aka gina wa ƙwayar halitta: yadda aka koyi raya nama a wajen jiki

Duk ɗakin gwaje-gwajen da ake raya ƙwayoyin halitta a cikinsa, ko a Tokyo yake ko a Alƙahira ko a Ibadan, kayan aikinsa kusan iri ɗaya ne. Akwai akwatin ɗumi da aka tsayar da zafinsa a kan digiri 37, daidai da zafin jikin mutum, kuma kashi 5 cikin 100 na iskar cikinsa kabon-dayoksaid ce. Akwai kwalaben roba masu shimfiɗaɗɗen ciki, da wani ruwa ja-ja wanda ke rikiɗa zuwa rawaya idan ƙwayoyin sun cinye abincinsu sun gurɓata shi. Sabon ɗalibi yakan ɗauki waɗannan abubuwa kamar haka Allah ya saukar da su. Alhali kowane ɗaya daga cikinsu wani mutum ne ya zaɓe shi a wata shekara, don ya warware wata matsala da ta tsaya masa.

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar yanki mai rai a jiki, kuma jikin baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu. A cikin jiki kowace ƙwaya tana da maƙwabta, da jini mai kawo mata abinci ya kwashe mata shara, da shimfiɗar da take kwance a kai. Idan aka ciro ta aka sa a kwalba, duk wannan ya yanke. Tarihin wannan fanni tarihi ne na mayar mata da abin da aka raba ta da shi, ɗaya bayan ɗaya. Da farko burin masana shi ne kada ta mutu. Daga baya suka nemi ta yawaita. An ɗauki kusan shekara saba'in kafin a tsaya sosai a kan tambayar da ta fi nauyi, wato ko ƙwayar da ke cikin kwalba tana nan da halinta na gida. Amsar ta shafi kowa, domin yawancin alluran rigakafi da magungunan zamani ta cikin irin waɗannan kwalabe suka biyo kafin su iso asibiti.

Ruwan famfo da ɗigon ruwan kwaɗo

A farkon shekarun 1880, wani likita a Landan mai suna Sydney Ringer yana binciken abin da ke sa zuciyar kwaɗo ta ci gaba da bugawa bayan an cire ta daga jiki. Ya ga tana bugawa na sa'o'i a cikin ruwan gishiri, har ya wallafa sakamakon. Daga baya ya gano cewa mataimakinsa da ruwan famfo yake haɗa gishirin, maimakon tataccen ruwan da aka tanada. Da aka sake gwajin da tataccen ruwa, sai zuciyar ta raunana ta tsaya cikin ɗan lokaci. Ringer ya bi diddigin ruwan famfon, ya gano cewa 'yar kalsiyam ɗin da ke cikinsa ce ke riƙe da bugun, ya bayyana haka a 1883. Ruwan da ya haɗa shi ne kakan wanda ake ƙara wa majiyyata a asibitoci da sunansa har gobe. Darasin farko ke nan: nama a wajen jiki yana da buƙatu da za a iya aunawa a rubuta.

Wanda ake lissafawa a matsayin uban wannan sana'a shi ne Ross Harrison, masanin halittar 'yan tayi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. A zamaninsa ana taƙaddama a kan yadda zaren jijiya ke samuwa. Wasu, irin su Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya, sun ce ƙwayar jijiya guda ce ke miƙa zare mai tsawo daga jikinta. Wasu kuma sun ce ƙwayoyi da yawa ne ke jeruwa su haɗu su zama zare. Kowane ɓangare matattun yankakkun nama yake dubawa a ƙarƙashin maikuroskof, don haka babu mai iya nuna abin yana faruwa.

A 1907 Harrison ya ɗauki ɗan guntun laka daga ɗan tayin kwaɗo, ya sa shi a cikin ɗigon ruwan limfa na babban kwaɗo a kan siririn gilashi. Da ruwan ya daskare sai ya kifa gilashin a kan wani mai ɗan rami, ya liƙe gefen da kakin farafin, ɗigon yana rataye a ciki. Dabarar daga masu binciken bakteriya ya aro ta, tare da tsabtarsu. Cikin 'yan kwanaki ya ga zare yana fitowa daga ƙwaya guda, bakinsa yana motsi yana lalube kamar mai neman hanya a duhu. Taƙaddamar ta ƙare a nan.

Harrison ya lura da wani abu na biyu, wanda a lokacin bai ja hankali sosai ba. A cikin tsinkakken ruwa ƙwayoyin sukan dunƙule su zauna cik. Sai sun sami abin kamawa suke miƙewa su yi tafiya. Don ya tabbatar, ya ɗaura saƙar gizo-gizo a kan ƙananan zobba na gilashi, ya ɗora nama a kai, ya ga ƙwayoyin suna bin zaren suna miƙewa a tsawonsa. Ya wallafa wannan a 1914. Paul Weiss ya faɗaɗa binciken a shekarun 1930 da 1940, ya nuna cewa ƙwaya tana bin tsagi da layin abin da take kwance a kai. Ke nan tun farkon fari an ga alamar cewa shimfiɗa tana ba ƙwaya umarni, amma hankalin masana ya karkata wani wajen.

Zuciyar da aka ce ba ta mutuwa

Alexis Carrel, likitan fiɗa ɗan Faransa da ke aiki a Cibiyar Rockefeller a New York, shi ne ya mayar da dabarar Harrison abin da duniya ta sani. Tare da Montrose Burrows sun maye gurbin ruwan kwaɗo da daskararren ruwan jinin kaza, suka gano cewa ruwan da aka tatso daga niƙaƙƙen ɗan tayin kaza yana sa ƙwayoyi su yawaita. A ranar 17 ga Janairu 1912 Carrel ya sa guntun zuciyar ɗan tayin kaza a kwalba. Kowane 'yan kwanaki ana wanke shi, a raba shi, a ba shi sabon abinci. Mataimakinsa Albert Ebeling ya ci gaba da kula da shi har 1946, shekara 34 ke nan, bayan Carrel kansa ya rasu da shekara biyu. Jaridu sun riƙa bin labarinsa shekara-shekara.

Carrel ya bar wa fannin abubuwa masu amfani, ciki har da kwalba mai karkataccen wuya da ke hana ƙura faɗawa ciki. A 1935 shi da matuƙin jirgin saman nan Charles Lindbergh sun ƙera famfon gilashi mai zagaya ruwan abinci ta cikin gaɓa sukutum a wajen jiki. Amma ya kuma bar ɓarna iri biyu. Ta farko, ya lulluɓe aikin da tsauraran ƙa'idoji, ma'aikatansa suna sanye da baƙaƙen riguna har da rufe kai, har mutane da yawa suka ɗauka abin ya fi ƙarfin ƙaramin ɗakin gwaji. Ta biyu ta fi muni: zuciyar kazar ta kafa aƙidar cewa duk ƙwayar da aka ba muhalli mai kyau za ta rayu har abada. Don haka duk wanda ƙwayoyinsa suka mutu sai ya zargi hannunsa.

Leonard Hayflick da Paul Moorhead na Cibiyar Wistar a Philadelphia ne suka rushe wannan aƙida a 1961. Sun nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin ɗan Adam suna rabuwa sau 40 zuwa 60 ne kawai, sannan su tsaya. Hujjarsu mai sauƙi ce. Sun gauraya tsofaffin ƙwayoyin namiji da sababbin ƙwayoyin mace a kwalba ɗaya, abinci ɗaya, ɗumi ɗaya. Da lokaci ya yi, na namijin suka ƙare, na macen suka ci gaba. Da laifin muhalli ne, da duka sun mutu tare. Babu wanda ya iya maimaita abin da Carrel ya yi da lafiyayyun ƙwayoyin kaza, kuma Hayflick ya yi zargin cewa ruwan ɗan tayin da ake ciyar da zuciyar yana shigo da sababbin ƙwayoyi a ɓoye. Wannan ya shata wa muhalli iyaka: yana da iko mai yawa a kan ƙwaya, amma akwai lissafin da take yi a cikinta wanda abinci ba ya gogewa.

Lokacin da kwalba ta zama masana'anta

Kafin Hayflick, shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun riga sun sauya fuskar aikin. Fenisilin da sitireftomaisin sun rage bala'in bakteriya da ke lalata kwalabe. Inzayim ɗin tiripsin, wanda Peyton Rous da abokin aikinsa suka gwada tun 1916, ya ba da damar warware nama zuwa ƙwayoyi ɗai-ɗai. A 1948 Katherine Sanford, a ɗakin gwajin Wilton Earle na cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka, ta warware wata matsala mai ban mamaki. Ƙwaya guda ita kaɗai a cikin faffadar kwalba ba ta yawaita. Da Sanford ta kulle ta a cikin siririn bututun gilashi, da ruwan da wasu ƙwayoyi suka taɓa zama a ciki, sai ta rabu ta yi zuri'a. Ashe ƙwaya tana zuba wasu sinadarai a kewayenta don ta gyara wa kanta wurin zama, kuma a cikin ruwa mai yawa sinadaran sukan tsinke su ɓace.

A 1949 John Enders da Thomas Weller da Frederick Robbins a Boston suka raya bairas ɗin shan inna a cikin naman da ba na jijiya ba, abin da aka daɗe ana ganin ba zai yiwu ba. Wannan ya kawo musu kyautar Nobel a 1954, ya kuma buɗe wa Jonas Salk hanya. Bairas ɗin rigakafinsa a ƙwayoyin ƙodar biri aka raya shi, cikin wani haɗin abinci mai lamba 199 da aka tsara a ɗakunan gwajin Connaught na Toronto, inda Leone Farrell ta ƙirƙiro dabarar jijjiga manyan kwalabe a hankali don ƙwayoyin su sami iska. An yi gwajin rigakafin a 1954 da yara kimanin miliyan 1.8, aka sanar da nasara a Afrilun 1955.

Jinin waɗannan yara da wasu ƙwayoyi na musamman aka auna shi. A Fabrairun 1951 an yanki guntun ciwon dajin mahaifa daga jikin Henrietta Lacks, wata baƙar fata da ke jinya a asibitin Johns Hopkins, ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a Oktoban wannan shekara tana da shekara 31. Ƙwayoyinta, waɗanda George Gey ya raya aka sa musu suna HeLa, su ne na farko na ɗan Adam da suka ci gaba da rabuwa ba iyaka. An kafa wurin yawaita su a Cibiyar Tuskegee ta Alabama, ana aika su ko'ina. Iyalanta sun shafe fiye da shekara ashirin ba su sani ba. Ƙwayoyin kuma sun yi ƙarfin da suka riƙa kutsawa kwalaben wasu suna mamayewa: a 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa nau'o'i da dama da masana ke ɗauka na hanta ne ko na wata gaɓa, HeLa ne suka maye gurbinsu.

A 1955 Harry Eagle ya ɗauki HeLa da ƙwayoyin ɓera, ya riƙa cire sinadari ɗaya-ɗaya daga abincinsu yana duba wanda rashinsa ke kashe su. Ya fito da jerin mafi ƙarancin buƙata: amino asid 13, da wasu bitamin, da gishiri iri-iri, da sukari, da ɗan ruwan jini. Daga wannan jeri, da gyaran da Renato Dulbecco ya yi masa a 1959, ruwan nan ja-ja ya samo asali. A shekarun 1960 kwalaben roba da ake jefarwa bayan amfani suka kori gilashi. Aikin da a da yake hannun ƙwararru ƙalilan ya koma abin da ake saya a kwali.

Makiyayan yankin Tafkin Chadi suna cikin waɗanda suka ci moriyar wannan sauyi. Cutar bushiya, wadda ta share yawancin shanun Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, ta sami maganinta a hannun Walter Plowright, likitan dabbobi ɗan Ingila da ke aiki a Muguga ta Kenya. Ya riƙa ɗebe bairas ɗin daga kwalbar ƙwayoyin ƙodar maraƙi zuwa wata, sau kusan 90, har ya saba da zaman kwalba ya rasa ƙarfin kashe saniya, amma allura ɗaya tana ba da kariya ta tsawon rai. Babban gangamin rigakafin bushiya na Afirka ya fara a 1962 a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana cikin masu haɗa allurar. A 2011 aka ayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu bayan agana.

Abin da roba ta ɓoye

Wannan nasara tana da farashi. An tsara abincin Eagle da Dulbecco ne don ƙwayoyi su yawaita da sauri, kuma ƙwayoyin da suka fi jin daɗinsa su ne na ciwon daji da masu kama da su. Nau'in abincin Dulbecco da aka fi amfani da shi yana ɗauke da giram 4.5 na sukari a kowace lita, kusan ninki biyar na jinin lafiyayyen mutum da bai karya kumallo ba. Iskar oksijin a akwatin ɗumi tana kusa da kashi 20 cikin 100, alhali yawancin gaɓoɓin cikin jiki ba sa ganin rabin haka. Robar kwalba kuma ta fi naman ƙwaƙwalwa tauri kimanin sau miliyan. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi: ƙwayar hanta da aka shimfiɗa a kan roba takan baje, ta rasa yawancin aikinta na sarrafa magunguna cikin 'yan kwanaki.

Masu binciken zazzaɓin cizon sauro sun ɗanɗana wannan matsala. An shafe shekaru da dama ana neman raya ƙwayar falsifarum a kwalba ba tare da yankewa ba, abin ya gagara, sai a 1976 William Trager da James Jensen na Jami'ar Rockefeller suka yi nasara. Ɗaya daga cikin sirrin shi ne rage oksijin. Jensen ya sa faranta masu jajayen ƙwayoyin jini a cikin tulun gilashi, ya kunna kyandir a ciki ya rufe, wutar ta ci wani kaso na oksijin ta ƙara kabon-dayoksaid kafin ta mutu. Gwajin magungunan maleriya a kwalba a kan wannan tushe ya tsaya.

Wadda ta fi kowa nacewa a kan batun shimfiɗa ita ce Mina Bissell, haifaffiyar Tehran da ta yi aikinta a Berkeley ta jihar Kalifoniya. Tambayarta ita ce: tunda duk ƙwayoyin jiki tsarin gado ɗaya suke ɗauke da shi, me ke sa ta mama ta tuna cewa ita ta mama ce? A jiki, ƙwayoyi suna zaune ne a cikin wata saƙa ta furotin da su kansu suke fitarwa, wadda kolajin ne mafi yawa a cikinta. Shi ne abin da ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya huce. An daɗe ana ɗaukar wannan saƙa a matsayin abin cike gurbi kawai. A 1977 Joanne Emerman da Dorothy Pitelka suka nuna cewa ƙwayoyin maman ɓera da aka ɗora a kan daskararren kolajin mai yawo a ruwa suna riƙe siffarsu da aikinsu. Bissell ta ɗora a kai, a 1982 ta gabatar da ra'ayin cewa saƙar da ƙwayar suna musayar saƙo: ƙwaya tana gina saƙa, saƙa tana faɗa wa ƙwaya waɗanne sassan gadonta za ta kunna. A ɗakin gwajinta, ƙwayoyin mama da suka daina yin furotin ɗin madara a kan roba, da aka nutsa su cikin daskararren haɗi mai furotin laminin, sai suka dunƙule suka zama 'yan ƙwallaye masu rami a tsakiya, suna zuba furotin ɗin madara a cikin ramin.

A 1997 ita da Valerie Weaver da abokan aikinsu suka yi gwajin da ya girgiza masu binciken ciwon daji. Sun ɗauki ƙwayoyin dajin mama da ke girma barkatai a cikin irin wannan haɗi, suka toshe wani furotin na fatar ƙwayar da take kama saƙa da shi. Ƙwayoyin suka lafa, suka shirya kansu kusa da siffar lafiyayyu, alhali lalacewar da ke cikin gadonsu tana nan. Tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya kwatanta yaɗuwar ciwon daji da iri da ƙasa, cewa iri ba ya tsira sai inda ƙasa ta karɓe shi. Bayan ƙarni guda an sami hanyar gwada maganarsa a kwalba.

Siffa da tauri

Mataki na gaba ya zo ne daga masana'antar kwamfuta. Dabarun da ake zana ƙananan hanyoyin lantarki da su sun ba masana damar buga 'yan tsibirai masu danƙo a kan faranti, kowanne da girman da aka ga dama, kewaye da filin da ƙwaya ba za ta iya kamawa ba. A 1997 Christopher Chen da Donald Ingber da George Whitesides na Harvard suka ɗora ƙwayoyin jijiyar jini a kan irin waɗannan tsibirai. Waɗanda aka takure a kan ƙananan tsibirai suka kashe kansu, waɗanda suka sami wurin bajewa suka rabu, alhali abinci ɗaya suke sha. A 2004 ɗakin gwajin Chen ya nuna cewa ƙwayoyin asali na ɓargo, waɗanda ke iya zama nama iri daban-daban, sukan zama kitse idan an takure su, su zama ƙashi idan an bar su sun baje.

Ƙwaya tana jin tauri kuma. Tun 1980 Albert Harris ya nuna cewa ƙwayoyin da aka ɗora a kan siririyar robar silikon suna jan ta har ta yi tamoji. A 2006 Adam Engler da Dennis Discher na Jami'ar Pennsylvania suka shimfiɗa ƙwayoyin asali a kan daskararrun haɗi masu tauri iri uku. A kan mai laushin ƙwaƙwalwa suka fara nuna alamun ƙwayoyin jijiya, a kan mai taurin tsoka alamun tsoka, a kan mai taurin ɗanyen ƙashi alamun ƙashi. Da aka ba su maganin da ke hana su jan shimfiɗar, bambancin ya ɓace. Ƙwaya tana jan abin da take kai, ta auna yadda ya ba da kai, ta yanke hukunci.

Ƙananan gaɓoɓi

A 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers na Cibiyar Hubrecht a Utrecht ta ƙasar Holan suka haɗa waɗannan darussa wuri guda. Sun ɗauki ƙwayar asali ɗaya tak daga hanjin ɓera, suka nutsa ta cikin daskararren haɗin Matrigel, suka ƙara furotin uku da ke kwaikwayon saƙonnin da maƙwabtanta ke aiko mata a jiki. Ƙwayar ta gina ɗan ƙaramin hanji da kanta, mai rami a ciki da lunguna a gefe, da nau'o'in ƙwayoyin da ake samu a hanjin gaske. Babu wanda ya zana mata tsarin. A 2011 ƙungiyar Yoshiki Sasai a Kobe ta Japan ta sami ƙoƙon ido, a 2013 Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich a Vienna suka sami guntayen ƙwaƙwalwa masu girman 'yan milimita.

Amfanin bai jima ba ya bayyana. Lokacin da aka riƙa haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna a Brazil a 2015 da 2016, irin waɗannan guntayen ƙwaƙwalwa sun taimaka wajen nuna cewa bairas ɗin Zika yana afka wa ƙwayoyin da ke haifar da ƙwayoyin jijiya. A Holan kuma ana raya ɗan hanji daga jikin mai ciwon gado na sistik faibrosis, a gwada masa magani a kwalba: idan ɗan hanjin ya kumbura, alama ce cewa maganin zai iya yi wa wannan majiyyaci aiki.

Wata hanyar ita ce ta injiniyoyi. A 2010 Dongeun Huh da Ingber a Cibiyar Wyss ta Harvard suka ƙera huhu a cikin 'yar roba mai haske da ba ta wuce tsawon yatsa ba. A cikinta akwai hanyoyi biyu da siririn tantani mai ƙofofi ya raba: a sama ƙwayoyin huhu da iska, a ƙasa ƙwayoyin jijiyar jini da ruwa mai gudana. Famfo yana miƙa tantanin yana sakinsa kamar numfashi. Da aka sa bakteriya a ɓangaren iska, fararen ƙwayoyin jini suka ratsa tantanin suka cim musu. An kuma ga ƙananan ƙurar silika suna ratsawa da yawa idan huhun yana motsi fiye da idan yana tsaye, abin da shimfiɗaɗɗiyar kwalba ba za ta taɓa nunawa ba.

Inda aka tsaya

Dalilin zuba kuɗi a wannan fanni a bayyane yake. Kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane ba sa samun amincewa, bayan sun tsallake kwalba da ɓera. A Disambar 2022 Amurka ta gyara dokarta, ta cire sharaɗin cewa dole sai an gwada sabon magani a kan dabba, ta ba da damar karɓar hujja daga irin waɗannan na'urori.

Giɓin da ya rage yana da yawa. Ƙananan gaɓoɓin ba su da jijiyoyin jini, kuma oksijin ba ya ratsa nama fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, don haka idan suka girma tsakiyarsu takan mutu. Da yawansu sun fi kama da naman ɗan tayi fiye da na baligi. Matrigel, wanda Hynda Kleinman da abokan aikinta suka samar a shekarun 1980, daga wani ciwon dajin ɓera ake tatso shi, kuma kowane rukuni yana ɗan bambanta da na baya. Ruwan jinin ɗan tayin saniya da ake ƙarawa a abinci ma haka yake, cakuɗe ne da ba a gama sanin abin da ke cikinsa ba. Robar silikon da ake ƙera na'urorin da ita tana tsotse wasu magungunan da ake son aunawa. Kuma yawancin ƙwayoyin asali da ke ajiye a manyan rumbunan bincike daga mutanen da asalinsu Turai ne aka samo su, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin gado.

Ko abincin kansa an koma ana sake dubawa. A 2017 Jason Cantor da abokan aikinsa a Cibiyar Whitehead suka haɗa ruwan da ke kwaikwayon jinin mutum sinadari bayan sinadari. Suka gano cewa yurik asid, wanda ya fi yawa a jinin ɗan Adam fiye da na ɓera ko abincin kwalba, yana rage wa wani tsohon maganin ciwon daji mai suna fuloroyurasil ƙarfi a kan ƙwayoyin da suka gwada. An shafe shekara sittin ana amfani da maganin, kuma abincin da aka gada daga zamanin Eagle bai taɓa nuna wannan ba, domin sinadarin ba ya cikin jerin da aka rubuta a 1955.